Hannu Mai Ɗumi

"Ajiye ledar nan," in ji Baba Mai Fenti. "Wa ya ce ki fara?"

Maman Biyu ta ajiye ledar kirim da ake rubutu da ita a gefen faranti, ta yi ajiyar zuciya. Tun safe take tsaye a kicin, ta kaɗa ƙwai, ta gasa kek, ta wanke kwanuka da ruwan sanyi, ga shi yanzu tsohon ya tsare ta a barandarsa kamar 'yar aji ɗaya.

"Baba, mai kek ɗin nan fa da la'asar zai zo."

"Ko yanzu ya zo, ya jira. Hannunki sanyi ƙalau, a sanƙare. Murza tafin, 'yata. Murza har ki ji zafi."

Kek ɗin Maman Biyu ba shi da na biyu a layin, amma rubutunta, Allah ya sawwaƙe, sai ka ce kyankyaso ya faɗa tawada ya fito yawo. Shi ya sa tun da ta fara sana'ar, in ta gama shafe kek sai ta tsallaka ƙofa ɗaya, Baba ya rubuta abin da mai shi yake so a kai. A zamaninsa shi ya rubuta allunan rabin shagunan titin, daga na mai aski har na kantin magani. Ladansa kuwa gefen kek da aka yanke, wanda likita ya hana shi, shi kuma yake ci da shayi hankali kwance.

Bana hannun Baba ya fara rawa. Ranar da ya ɓata wani harafi ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Daga gobe ke za ki koya." Ta yi dariya, shi bai yi ba. Nan gabanta ya faɗi, don ta san masu saye rabi daɗin ke kawo su, rabi rubutun. In ba ta iya ba kafin hannun nan ya tsaya, kek ɗinta zai riƙa fita ba baki.

"Yanzu dunƙule," in ji Baba, da ya ga ta gama murzawa. "Buɗe. Baje yatsun sosai, ba rowa. Babban yatsa ya gaida 'yan uwansa ɗaya bayan ɗaya. Ki gaida ƙaramin ma, ba ku yi faɗa ba."

Ta juya wuyan hannu dama da hagu, ta yarfa su kamar mai yarfe ruwa, ta zana da'ira a iska tun daga kafaɗa. Sai da ya taɓa tafinta ya ji ɗumi ya miƙa mata ledar, ya kifa tsohon faranti ta gwada a bayansa.

"Sassauta! Kin shaƙe ta kamar za ki murɗe wuyan kaza. Kuma ki yi numfashi, rubutu ba nutso ba ne."

Haka suka yi ta yi kullum da hantsi. Abin ya bi jikinta har a gida. Mijinta ya same ta a gaban tukunya tana dunƙulewa tana buɗewa, ya tsaya ya ce, "Sauro kike kamawa ne, ko da ni kike?" Ta jefe shi da tsumma. Gaskiya tana jin daɗin zaman barandar, ga ƙanshin tsohon fenti da bai taɓa barin gidan ba, ga burusai a gwangwani, ga Baba yana faɗa yana tsoma kek a shayi. Kan kek ɗin gaske dai har lokacin shi ke rubutawa, a hankali, hannun hagu na tallafe da na dama. Nata na bayan faranti kuwa yabo ɗaya yake samu: "Saura kaɗan."

Sai ciwo ya kwantar da shi. Autarsa ta zo daga inda take aure ta tare a gidan, aka mayar da gadonsa kusa da taga don ya riƙa ganin titi. Maman Biyu ba ta fasa zuwa da farantinta ba. Ran nan ta ɗaga masa shi saitin fuska, ya ƙura ido ya daɗe.

"Wannan harafin na ƙarshe gurgu ne," ya ce, muryar can ƙasa. "Kin murza hannu kuwa?"

"Na murza, Baba."

"Ƙarya. Sauri kika yi."

Ta yi dariya, don gaskiyarsa ce. Ta kama hannunsa da ke kan bargo, ta ji shi sanyi, ba nauyi. Sai ta sa shi tsakanin tafukanta ta shiga murzawa. Ta naɗe masa yatsun, ta buɗe, ta kai babban yatsa ya gaida sauran ɗaya bayan ɗaya.

"Har ƙaramin," ya ce, idonsa a rufe, yana murmushi.

Washegari da hantsi, daidai lokacin darasi, ya cika cikin barci. Maman Biyu ta yi kuka sosai, amma ba kukan ɗaci ba. Tsohon ya tafi a gadonsa, 'yarsa a gefe, bai wahala ba.

Ana cikin kwanakin karɓar gaisuwa aikin wani kek ya taso wanda ba zai jira ba, na wata tsohuwa da jikokinta za su ɗauko daga asibiti. Maman Biyu ta gasa, ta shafe, ta tsaya ita kaɗai a kicin tana kallon farin saman nan, tsoro ya kama ta. Ta kai hannu ga ledar, ta fasa. Ta murza tafi har ya yi zafi, ta bi sauran motsa hannun duka ba ta tsallake ko ɗaya ba. Sannan ta ja numfashi ta rubuta: Sannu da Dawowa, Kaka.

Ba ta san lokacin da ta ɗauki kek ɗin ta fita ba. Sai ganin kanta ta yi a barandar, tsakanin kujerun 'yan gaisuwa, ta rasa wanda za ta nuna wa. Tana shirin juyawa Auta ta fito da tiren kofuna, ta kalli kek ɗin, ta tsaya cak.

"Yaya," ta ce, "yaushe Baba ya rubuta wannan?"

"Ba shi ba ne. Ni ce, yanzun nan."

Auta ta ajiye tiren a ƙasa. Ta jawo kujera, ta karɓi kek ɗin da hannu biyu ta ɗora a cinya. Suka zauna gefe da gefe, Auta na bin haruffan da yatsa a iska, a hankali, ba ta taɓa kirim ɗin ba.