Sunan Farfesa a Layin Farko

A shekarar da gangar man fetur ta yi tsadar da ba a saba gani ba, cibiyar binciken tattalin arziki da Dokta Rukayyat Lawal ke aiki a Abuja ta sayi sababbin motoci tara, ta sake fenti sau biyu, amma ba ta fitar da bincike ko ɗaya ba. Manya kullum suna hanyar taron bita. Ƙanana kuwa suna zaune suna shan sanyin ofis, suna juya jarida har a kira la'asar.

Wata goma sha huɗu ke nan da Rukayyat ta gama digirinta na uku, kuma zaman ya ishe ta. Duk Asabar takan shiga motar haya zuwa Kwali, ta zauna da manoman doya. Ta lura tun da wayar salula ta shiga ƙauyukan, manomi kan kira ɗan'uwansa a birni ya ji farashi kafin dillali ya buɗe baki. So take ta auna ko hakan ya ƙara wa manomi abin da yake samu. Aikin na bukatar shekara biyu da masu tattara bayanai. Cibiyar da ke sayen motoci ta ce ba ta da hali.

Sai wata gidauniya ta ƙasar waje ta buɗe gasar tallafin bincike ga matasan masana. Mutum goma za a ɗauka a duk Afirka. Rukayyat ta shafe mako bakwai tana rubutu. Ta matse tambayarta ta zama jimla ɗaya, ta faɗi ƙauyukan da za ta shiga da dalilin zaɓensu, ta faɗi inda aikin zai iya cijewa da abin da za ta yi in ya cije. Abu ɗaya ya rage: wasiƙar amincewa daga shugaban cibiya. Ranar Juma'a za a rufe karɓa.

To, cibiyar tana da al'ada. Duk takardar neman tallafi da za ta fita, sunan shugaba, Farfesa Muhyiddeen, shi ake sawa a layin farko a matsayin jagoran bincike, ko da bai san abin da ke ciki ba. Wanda ya yi wahalar sai ya raɓa a ƙasa. Girmamawa suke kiran wannan.

Abokin aikinta Dokta Nazeer, wanda shi ma ke nema, ya leƙa fom ɗinta ya dafe kai.

“Rukayyat, ina sunan Oga?”

“Ka karanta shafi na biyu kuwa? Jagoran bincike dole ya zama bai wuce shekara biyar da gama digiri na uku ba. Oga ya gama nasa tun ina rarrafe.”

“Wannan ai rubutu ne kawai. Suna ganin Farfesa za su miƙe tsaye.”

“Za su miƙe su kai takardarka kwandon shara.”

Nazeer ya yi dariya ya gyara hularsa. “Ke dai kina son rigima. Ni ina son aikina.”

Ranar Laraba ta zauna awa uku a gaban sakatariyar shugaba kafin a ce ta shiga. Farfesa na cin gyaɗa yana kallon talabijin. Ya duba layin farko na fom ɗin, bai wuce nan ba.

“'Yata, an yi mantuwa a nan.”

“Ba mantuwa ba ce, ranka ya daɗe. Ƙa'idarsu ce. Ga ta a shafi na biyu.”

Bai buɗe shafin ba. “Shekara talatin ina wannan harka. Kin san ƙasashe nawa aka gayyace ni? Wa ya san ki a can?”

“Ba kowa. Shi ya sa suka buɗe gasar, don waɗanda ba a sani ba.”

“Yaran zamani! Ku dawo da takarda ku ɗauka ku kuka ƙirƙiro boko. In ba sunana, ba sa hannuna.”

Zuciyarta ta yi zafi. Mako bakwai, da Asabar ɗin da ba ta ƙirguwa da ta shafe cikin rana, duk za su mutu a kan teburin mutumin da ke ɓare gyaɗa. Ta dube shi da kyau, ta ga abu ɗaya ne kawai ke motsa shi: girman kai.

“Ranka ya daɗe, ga ta Dokta Nazeer da sunanka, ga tawa babu. Ka sa mana hannu mu biyu. In tasa ta ci tawa ta faɗi, zan tsaya a taron ma'aikata in ce na yi rashin kunya. Sai dai in ba ka da tabbaci.”

Farfesa ya daina tauna. Ya jawo wasiƙar, ya zuba mata sa hannu mai faɗin tafin hannu, ya buga hatimi har tebur ya girgiza.

“Je ki. Duniya za ta koya miki abin da na kasa.”

Amsar Nazeer ce ta fara zuwa, bayan kwana goma sha biyu. Layi biyu ne: jagoran binciken bai cika sharaɗin gasar ba, don haka ba a duba takardar ba. Farfesa ya ce siyasa ce, ana baƙin ciki da Nijeriya. Manyan cibiya suka gyaɗa kai. Babu wanda ya buɗe shafi na biyu.

Ta Rukayyat ta zo bayan wata uku. Tana cikin goman.

Washegari aka kira mai hoto. Farfesa ya tsaya a tsakiya cikin babbar riga, ya shaida wa 'yan jarida cewa wannan nasara sakamakon renon matasa ne da ya daɗe yana yi. Rukayyat tana can gefe, rabin kafaɗarta ne ya shiga hoton. Bai dame ta ba. Wasiƙar gidauniyar na cikin jakarta, sunanta ne a kai.

Da aka watse ya kira ta gefe, murya ƙasa-ƙasa.

“Dokta, idan an zo buga sakamakon, kin san yadda muke yi a nan.”

“Na sani, ranka ya daɗe. Amma a wannan aikin, duk wanda ya zauna da manoma ya yi tambayoyi, sunansa zai shiga. Litinin muke tashi, ƙarfe shida na safe. Kwana tara za mu yi a ƙauyukan Kwali.”

Farfesa ya shafa gemu.

“Akwai otal mai kyau a wajen?”

“Akwai tabarma,” in ji Rukayyat. Ta miƙa masa takardar izinin fita aiki, ta tsaya a kansa har ya sa hannu.