Filafilan Jirgin Kosiso

Duk unguwar Laranto da ke Jos an san Usumanu tela da hannu mai kyau da kuma alkawarin da ba ya da ranar cika. In ka kai masa yadi ya ce maka jibi, to ka je ka nemi wani abin sawa. Sai dai jan ƙafar da yake yi wannan karon ba irin wanda ya saba ba ne, shi ma ya sani, shi ya sa zama ya gagare shi. Ya hau keken ɗinki ya taka kaɗan ya sauka. Ya leƙa titi, ya dawo, ya ɗaga ƙyallen da ya lulluɓe wani abu a kan teburin yanka, ya sake rufewa.

Ƙarƙashin ƙyallen ɗan jirgi ne mai saukar ungulu, irin wanda ake tuƙawa daga ƙasa da rimot. Na abokinsa ne Kosiso, mai gyaran agogo a Anguwan Rukuba. Shekara da shekaru suna fita da irin jiragen nan wani fili a hanyar Vom, Kosiso na tuƙi, Usumanu na ihu da tsintar ɓaraguzai. Bana ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Kosiso, hannun dama ya daina jin magana. 'Yarsa Chinyelu ta zo daga Inugu don ta tafi da shi inda za ta riƙa kula da shi, dattijon ya kafe, ya ce ba inda za shi sai ya ga jirginsa na ƙarshe ya tashi. Ya aiko wa Usumanu da shi a kwali, an haɗa komai, saura abu guda.

Abin da ya rage wata siririyar sandar ƙarfe ce, ba ta fi tsinken tsire kauri ba, wadda ake zurawa a gicciye a kan jirgin kusa da manyan fukafukai, sannan a ɗaura mata 'yan filafilai biyu, ɗaya a kowane baki. Ita ke hana jirgin tangaɗi a sama. Aiki ne da mai natsuwa zai fara bayan azahar ya gama kafin la'asar. An kawo jirgin tun farkon damina, ga shi har an fara haƙar dankali.

Ba rashin iyawa ba ne. Sau nawa ya zura sandar, ya auna ta da tef ɗin wuyansa, ya ga komai ya zauna daidai, sai ya kwance ta kamar mai farke ɗinki. Ranar da jirgin nan ya tashi, ranar Kosiso zai bar Jos, kuma Usumanu bai ga wanda zai riƙa yin musu da shi ba in an yi la'asar. Tsoro yake ji, tsoro tsagwaronsa, kuma ba ya da wanda zai gaya wa.

Yana cikin wannan safa da marwa ana yayyafi, sai ga Chinyelu ta sauko daga keke napep, ta shigo tana karkaɗe lema.

"Baba Usumanu, sannu da aiki."

"A'a, Chinyelu, maraba. Yaya mai jiki? Wallahi jirgin nan saura ƙiris, wani ɗan noti nake jira daga Kano."

Ta dube shi har ya kau da kai.

"Baba, ni ba kwastoma ba ne. A shagon nan na yi wasa, ina ji kana gaya wa mutane saura maɓalli alhali ko yanka ba ka yi ba. Jiya Papa ya faɗi a bayi, sai da maƙwabta suka ɓalle ƙofa. Likita ya ce in aka ƙara jinkiri ƙafar ma zai tafi. Ya ƙi shiga mota saboda wannan abu. In so kake ya mutu a Jos, ka gaya mini, in daina wahala."

Usumanu ya buɗe baki, ƙaryar da ta saba fitowa da kanta ta ƙi fitowa. Kunya ta rufe shi. Ya janye ƙyallen ya jefar a kan keke.

A gabanta ya yi aikin. Ya zura sandar ta ramin da ke kan jirgin, ya auna hagu, ya auna dama, ya tura ta kaɗan da farce har ɓangarorin suka zo ɗaya, ya ɗiga alli a wurin. Ya ɗaure 'yan sukurorin da ke riƙe ta. Ya shafa ɗan gam a bakin sandar, ya murɗa filafili na farko, ya murɗa na biyu, ya sake awo don kada ɗaya ya shige fiye da ɗan'uwansa. Sannan ya durƙusa, ya kanne ido ɗaya, yana juya su a hankali har suka kwanta shafe, babu wanda ya ɗaga baki sama. Ya taɓa sandar da yatsa, ta yi lilo ta tsaya a tsakiya. Ya so ya sami aibu ko ɗaya, bai samu ba.

Washegari da rana ruwa ya ɗauke. Suka ajiye mota a gefen filin, inda duwatsu suka kare iska, suka zaunar da Kosiso a kujerar roba, an naɗe shi da suwaita da hular sanyi. Hannu ɗaya ba ya tuƙa jirgi, don haka Usumanu ya tsuguna a damansa, aka ɗora rimot a cinyar Kosiso, kowa ya kama ɗaya daga cikin 'yan sandunan tuƙi biyu da ke jikinsa da babban yatsa.

"Kar ka yi mini gaggawa, Tela," in ji Kosiso, maganarsa na jan ƙafa. "Ni zan ba shi wuta, kai riƙe shi kawai."

Fukafukai suka fara juyawa, ciyawa ta kwanta. Jirgin ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya ɗaga ta biyu, ya tsaya a iska daidai ƙugun mutum, ko rawa babu. Chinyelu ta sa hannu ta toshe bakinta. Kosiso ya bar shi a wurin ya daɗe, sannan ya rage wuta, ya sauke shi a hankali.

Da ƙarar ta mutu, ya juyo da ɓarin fuskarsa mai motsi.

"Ka san masu haɗa wannan abu sun fi biyar a Jos. Me ya sa na ba ka, kai da ba ka taɓa gama wando a kan lokaci ba?" Ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ko'ina ba. "Na yi zaton za ka kai mu Kirsimeti."

Chinyelu ta riga ta buɗe ƙofar mota tana jira. Usumanu ya tashi, ya sa kafaɗa a hammatar abokinsa, ya taka da shi har bakin mota, ya zaunar da shi. Ƙafar dama ta tsaya a waje, ta ƙi bin umarni. Usumanu ya sunkuya ya ɗauke ta da hannu biyu, ya sa ta ciki, ya rufe ƙofar da kansa.