Abin da Mai Riƙe Sarƙa Ta Gani

Ƙarar ta shiga kunnen Shondra kafin idonta ya gama fahimtar abin da ya faru. Ƙwas! kamar an fasa kwakwa a kan siminti. Yaron ƙungiyar baƙi da ya yi tsalle ya cafe ƙwallo yana kwance ɗai-ɗai a ciyawa, taku huɗu daga ƙafarta. Wanda ya kayar da shi kuwa ɗanta ne, Tavon, ɗan shekara goma sha huɗu, ya miƙe yana gyara kwalkwali, hular kwanon da 'yan ƙwallon Amurka ke sawa.

Tutar alƙali mai ruwan ɗorawa, alamar an yi laifi, ta faɗo kusa da su.

Ranar Asabar ce, rana tsaka, zafin jihar Jojiya ta Amurka na dukan ƙeya. Shondra ce aka ba sandar sarƙar awon yadi goma, wadda ake auna nisan da aka ci a fili da ita, aikin da iyaye ke karɓa bi da bi, a gefen 'yan baƙi. Ƙa'idar aikin ɗaya ce: mai riƙe sarƙa ba ya tafi, ba ya ihu, ba ya sa baki.

Alƙalin da ya jefa tutar ya ce da tsakar kwalkwali Tavon ya soki haɓar yaron. Idan haka ta tabbata, an kore shi ke nan, kuma ba zai buga wasan ƙarshe na mako mai zuwa ba, wasan da tun bazara yake tashi da asuba yana gudu dominsa. Alƙali na biyu ya ce shi dai kafaɗa ya gani. Babbansu, wani dattijo mai farar hula, ya tsaya tsakaninsu yana sosa wuya.

Daga can mutanen gida suka fara. "Baba, a gida ka baro tabarau?" "Ƙwallo muka zo, ba rawa ba!"

Sai ga kocin su Tavon, Dewayne, yayan Shondra, ya ratso fili yana haki. "Haba ranka ya daɗe! Kafaɗa ce, ko makaho ya gani! Ga uwarsa nan tsaye a kansu. Shondra, gaya masa!"

"Koci, koma layinka," in ji dattijon. "Mai sarƙa ba ta da baki."

Ya faɗa dai, amma bai ɗauke ido daga kanta ba. Hannunsa ma ya fara sauka wajen tutar, alamar zai ɗauke ta ya soke laifin a wuce wurin.

Gumi ya jiƙa sandar a tafinta. Ta gani sarai. Ta ga ɗanta ya sauke ido ƙasa, ya sunkuyar da kai, ya shigo kamar rago. Karo na uku ke nan a bana, kuma duk lokacin kawunsa sai ya dafa shi ya ce masa guduma. Ita kuwa ba haɓar ɗan wani kaɗai take gani ba. Wuyan Tavon take gani, siriri, wanda duk nauyin karon a kansa yake sauka.

"Mama," Tavon ya ce a hankali ta cikin ƙarafan kwalkwalinsa. "Don Allah."

Yaron da ke ƙasa ya zauna, likita na tambayarsa ko ya san yau wace rana ce.

"Da kwalkwali ne," ta ce.

"Me kika ce?" in ji Dewayne.

"Ka ji ni, Yaya. Da kai ya shiga. Kai ka koya masa, ni kuma zan yi jinya."

Dattijon ya janye hannunsa, ya miƙe, ya nuna wa Tavon hanyar waje. Dewayne ya bi bayan yaron. Tavon bai kalle ta ba ko sau ɗaya.

"Hukuncin laifin, yadi goma sha biyar gaba," alƙali ya ce wa masu sarƙa. "Maman yaro, za ki iya?"

Ta zare sandar daga ƙasa, ta fara takawa.