Na Goma a Horo Birni

A shekarar da gwamnatin farar hula ta fara yi wa talakawa wa'azin tsuke bakin aljihu, a shekarar ce ta tuna akwai ciwon sanƙarau. Ba a bazara ta tuna ba, lokacin da ciwon ke sandarar da wuyan yara. Sai da ruwa ya sauka, gero ya kai gwiwa, ciwon ya ɗebi rabonsa ya tafi, sannan aka saki kuɗin bincike.

Mode tela yana kan keken ɗinkinsa a kasuwar Bodinga aka zo aka ɗauke shi jagora, don shi ɗan Horo Birni ne, kuma ya iya boko. Shugaban tafiyar Dakta Maniru ne, haifaffen Sakkwato, wanda shekara bakwai a Turai suka bar masa Hausa a baki suka cire masa ita daga kunne. A mota ya karanta wa Mode ƙa'idar da aka rubuto daga Legas: ƙauyen da aka samu mamata goma zai shiga jerin masu samun allurar rigakafi kafin bazara mai zuwa. Kuma ba a rubuta mamaci sai uwarsa ta faɗi sunansa da bakinta.

Kwana biyu suna bin zauruka, suna ɗauko mata daga bakin murhu. Suka samu mamata tara.

Mode ya san na goma. Ummaru ne, ɗan farin yayarsa Jummai, mai shekara goma sha ɗaya. Shi da hannunsa ya ɗinka masa likkafani. Yanzu ɗiya ɗaya ta rage wa Jummai, Safinatu, kuma ita Mode ke gani duk sanda ya dubi takardar sunayen.

Jummai ta zauna a bakin zaure, ta ja mayafi, ta ba su gefe.

"Baiwar Allah, akwai wanda sanƙarau ya kashe a 'ya'yanki?" in ji Dakta.

"Safinatu tana nan lahiya lau."

"Ban da ita fa?"

Jummai ta dubi ƙasa. Kowa a garin ya san uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Shekara goma sha ɗaya tana ce masa "wancan", ko a ranar jana'izarsa ba a ji sunan a bakinta ba. Uwar Dakta ma haka ta yi wa nata ɗan farin, amma wannan ba ya cikin takardar Legas.

"Ranka shi daɗe," Mode ya ce, "ɗan hwarinta na. Ni na ɗunka likkahwani nai, ga kabari can bayan gari."

"Malam tela, kabari ba ya magana. An ce uwa. In na bar kowane kawu ya ƙara mini gawa, ai ba bincike nake ba, zaman makoki nake."

Ya fara rufe biro. Mode ya durƙusa gaban yayarsa.

"Yaya, don Allah hwaɗi. Sau guda ɗai."

"Kai Mode, boko ya ci ma kunya? Gaban baƙi?"

"Tara munka samu. In ba a cika goma ba, babu allura. Bazara na tahe, Yaya, kuma Safinatu ɗaki guda ta kwana da shi."

Jummai ta ƙara jan mayafinta. Direba ya danna ham ɗin mota sau biyu. Sannan, da muryar da ko kazar da ke kusa ba ta firgita ba, ta ce, "Ummaru."

"Ɗaga murya, ban ji ba," in ji Dakta.

Ta sake faɗa. Ta tashi ta shige gida, kwana uku ba ta fito ko rijiya ba.

Horo Birni ya shiga jerin, wannan kam gwamnati ta cika alkawari. Bayan kaka wata babbar mota ta kawo firij fari ƙal mai aiki da kananzir, aka yi kiɗa, aka yi jawabi. Allurar da za a sa a ciki kuwa aka ce tana tafe. Kafin ta iso, wani kwamiti ya zauna ya gano cewa sanƙarau ba ya cikin manyan cututtukan bana, tunda binciken da aka yi da damina bai tarar da ko mutum ɗaya a kwance ba. Dakta Maniru ya tafi taro ƙasar waje ya karanta sakamakonsa, aka tafa masa. Firijin yana zauren maigari, ana ajiye goro a ciki.

Da zafi ya fara, Mode ya je Horo Birni da rigar da ya ɗinka wa Safinatu. Ya tarar Jummai ta fitar da tabarmar yarinyar tsakar gida, tana taɓa mata wuya kamar mai duba tukunya.

"Allura ta zaka?" ta tambaya.

"Ba ta zaka ba tukun, Yaya."

Ta karɓi rigar, ta juya ta, ta duba ɗinkin.

"To sunan da sunka sa ni hwaɗi, ina sunka kai shi?"