Abin da na ciro daga sifikar Habila

Ni na ɗaura wa Habila rediyo mai kaset a akori-kurarsa, da hannuna, a shagona da ke bakin tashar Funtua, kakar 1981. Aikina kuwa ba ya dawowa. Shi ya sa da na hango motar ta tsaya a ƙofar shago bayan kwana huɗu, raina ya ɓaci tun kafin ya kashe inji.

Habila direba ne, mutumin wani ƙauye a bayan Kafur, yana jigilar auduga da masara. Mutumin kirki ne, sai dai yana son a san da hakan. A makon nan ne cocinsu zai zaɓi sabon dattijo, shi kuma shekara uku ke nan yana hararar kujerar. Rediyon ma don haka ya saya: ya riƙa ɗaukar Fasto Enoch zuwa gari, waƙoƙin zumuntar mata suna tashi, Fasto ya ga irin gidan da ya fito. To ga Faston nan zaune a gaba, siririn tsoho da tabarau, ya ɗora hularsa a gwiwa.

"Malam Maharazu, ka kunyata ni," in ji Habila. "Tun daga Malumfashi matan nan ke waƙa kamar an cusa masu ƙudan zuma a baki."

Ya kunna. Gaskiyarsa. Da murya ta yi sama sai a ji zzzz, in an buga ganga kuma wani abu ya yi ƙwas-ƙwas.

Na fara da abin da kowa ke farawa. Na canza kaset, na sa nawa: ƙarar tana nan. Na goge kan da kaset ke bi da auduga. Na tada inji na sake kashewa, ko shi ke shigo da hayaniya, ba shi ba ne. Na bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya har batir, na ƙara ɗaure wadda na kama a jikin mota. Duk tsawon lokacin nan Habila yana tsaye a kaina yana yi wa Fasto bayanin yadda masu gyaran zamani ba su da tsoron Allah. Daga nan ya zarce kan mutanen ƙauyensu da har yau suke ɗaura wa jarirai laya, ya ce in ya zama dattijo, gida-gida zai bi yana tsinke su. Na ƙulla shi a zuciya.

Sifika biyu ce. Na cire wayar ta dama, ƙara tana nan. Na cire ta hagu, sai sauti ya fito tas. To, an kama ɓarawo. Ita ta hagun a cikin ɗan akwatin katako na sa ta, bayan kujerar direba, kuma na bar rami a bayansa don sauti ya yi numfashi. Na jawo akwatin, na kwance kusoshi, na leƙa.

Wani ɗan ƙulli na jar fata, bai kai babban yatsa ba, an ɗinke shi da farin zare, an maƙala masa zoben baƙin ƙarfe irin na maƙera. Wani ne ya tura shi ta ramin. Mayen ƙarfen sifika ya fizgi zoben ya riƙe, fatar kuma tana taɓa takardar sifikar, duk motsin da ta yi sai ta kaɗa shi.

Na ɗaga shi sama da yatsu biyu, a hankali, yadda kowa zai gani da kyau. Ban yi nadama ba a lokacin.

Habila ya daskare. Gumi ya keto masa. Na ga kujerar shekara uku tana zamewa daga ƙarƙashinsa, sai kuma tausayinsa ya kama ni, abin haushi. Na gyara murya.

"Af, fiyus ne," na ce. "Sabon samfuri. Jamusawa ne ke sa shi a cikin fata saboda zafi."

Fasto ya miƙo hannu. Ba yadda zan yi, na ba shi. Ya ɗaga tabarau, ya juya abin, ya daɗe yana duban zaren.

"Ikon Allah," ya ce. "Ashe Jamusawa sun koyi ɗinkin Gwaggo Atu."

Atu ita ce mahaifiyar Habila. Duk gidan sun shiga coci tun zuwan mishan, ita kaɗai ta ce ta tsufa da sauya hanya.

"Baba Fasto, ban sani ba," in ji Habila. "Jiya ta ce in bar mata mota ta share. Yanzu zan jefa shi a kwata."

"Ba za ka jefa ba."

Fasto ya juya hular da ke gwiwarsa, ya ɗaga zanen ciki da farce. Ga jar fata, ga farin zare, ɗinki iri ɗaya.

"Ranar da aka naɗa ni ta karɓi hular nan wai za ta wanke mini," ya ce. "Shekara goma sha ɗaya ke nan. Ba shi ke tsare ni ba, na sani, ita ma na gaya mata. Amma tsohuwar da ta zauna ta yi ɗinki da idon da ba ya gani sosai don kada in mutu a hanya, ba zan jefa aikinta a kwata ba."

Ya sa ƙullin a tafin Habila, ya naɗe masa yatsu a kai.

"Ran Lahadi zan ambaci sunanka a zaɓen dattijo. In ka fara bin gida-gida, ka fara da nawa."