Hoton Baba a Cikin Rezin

Abdulƙadir irin mutanen nan ne da in hannunsu ya iya abu, kunnensu sai ya toshe. A ɗan ɗakinsa na bayan kasuwar Baima da ke birnin Guangzhou yake zuba rezin, ruwan robar nan mai daskarewa garau kamar gilashi, ya nutsa ƙananan jajayen motocin tseren Italiya masu tambarin doki a ciki. 'Yan Kano da 'yan Maraɗi masu zuwa sarin kaya har rububinsu suke yi don tsaraba.

Son motar nan gado ya yi. Mahaifinsa bakanike ne a Kano, kuma sau ɗaya tak wani attajiri ya taɓa kawo masa irinta gyara. Ranar aka ɗauke shi hoto jingine da ita, yana dariya, wushiryarsa a waje. Ba shi da wani hoton a duniya. Bayan rasuwarsa, A'isha ƙanwar Abdulƙadir ta ciro hoton daga akwatin Innarsu, ta ba wani ɗan kasuwa ya kawo Guangzhou.

"Yaya, ka sa mana shi a gilashin nan naka kar ya lalace," ta ce masa a waya. "Amma don Allah ka fara ɗaukarsa da wayarka, tawa ba ta fitar da hoto."

"To, to," in ji shi. Bai ɗauka ba.

Lokacin damshi ne, bango ma gumi yake yi. Matar da ke sayar masa da rezin, mai kiransa Laoban, wato maigida, ta ce, "Laoban, ka bari gari ya bushe." Ya yi murmushi kawai, wai wa zai koya masa sana'arsa? Ko man kariya bai shafa wa takardar ba, ya zuba.

Washegari ya ɗaga aikin ya duba. Jar motar ta fito fes, kamar yanzu aka wanke ta. Fuskar Baba kuwa ruwan ya ratsa ta, farin hazo ya kwanta a kai, babu ido, babu wushirya. Kuma abin da rezin ya haɗiye ba ya dawowa. Ya zauna a ƙasa ya yi kuka, yana jin haushin kansa.

Da rana A'isha ta kira ta bidiyo.

"Yaya, nuna min Baba."

Ya juya mata wayar. Ta matso da fuskarta, ta ƙanƙance ido.

"Motar dai ta yi kyau. Fuskar ce ban gani ba, netiwok ɗin nan namu! Tsaya in kira Inna, tun safe take jira."

"A'isha," ya ce, "ba netiwok ba ne."