Wasiƙar Inna Mai Wanki a Kan Allo

Malamin da ke koya mana Turanci a ajin manya yana da wata muguwar ɗabi'a: ba ya ɗauko misali daga littafi, sai daga rubutunmu.

Inna Mai Wanki, wadda muke zama benci ɗaya, ta shiga ajin ne saboda 'yarta. Dangin uba sun tafi da yarinyar tun tana shekara uku, yanzu ba ta jin komai sai Turanci. Wata biyu Inna tana haɗa mata wasiƙa. Ranar Litinin ta miƙa wa Malam a ɓoye, ta ce, "Don Allah ka duba mini, amma tsakaninmu."

Ranar Laraba muka tarar da layin farko a kan allo, da manyan baƙaƙe. Nufinta, ni ce matar da ta haife ki, sai ta sa which a gurbin who.

"Wannan kalmar ta kaya ce," in ji Malam, yana buga allo da rula. "Inna, ke bokiti ce?"

Aji ya fashe da dariya. Ni ma na dara, Allah ya yafe mini. Ya gyara jimlar, ya sa mu maimaita ta da ƙarfi har sau biyar. Inna tana ta murza bakin mayafinta da hannuwan da sabulu ya cinye.

Da aka tashi ta matsa kusa da teburinsa. "Malam, wasiƙar fa?"

Ko kallonta bai yi ba, ya tura takardar cikin jaka. "Sai mako mai zuwa. 'Yan ajin safe ba su gani ba tukuna."